Herbert Hoover, ministan da ya fara raba wa gidajen rediyon Amurka zango

A daren 2 ga watan Nuwamban 1920, tashar KDKA da ke birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasar Amurka yayin da ake ƙidayar ƙuri'u. Warren Harding ne ya lashe zaɓen. Da ya kafa gwamnati a watan Maris na 1921, sai ya damƙa ma'aikatar kasuwanci a hannun wani injiniyan haƙar ma'adinai, Herbert Hoover. Cikin abin da sabon ministan ya gada har da dokar rediyo ta 1912, wadda aka kafa bayan nitsewar jirgin ruwan Titanic don tsara sadarwa tsakanin jirage da tudu. Waɗanda suka rubuta ta ba su hango ranar da iyali za su zagaye akwati suna sauraren kiɗa da labarai ba.

An haifi Hoover a ranar 10 ga watan Agustan 1874 a ƙauyen West Branch na jihar Iowa. Mahaifinsa maƙeri ne, ya rasu yaron yana da shekara shida, mahaifiyar ta bi baya yana da shekara tara, aka tura shi wurin kawunsa a jihar Oregon. Yana cikin ɗaliban farko na jami'ar Stanford, inda ya karanci ilimin duwatsu ya gama a 1895. Ya yi dukiya a mahaƙar Ostareliya da Sin, amma yaƙin duniya na farko ne ya fito da sunansa, lokacin da ya jagoranci ciyar da miliyoyin ƴan Beljiyam da yunwa ta rutsa da su ƙarƙashin mamayar Jamus.

Rediyo kuwa ta zo masa kamar ambaliya. Kafin ƙarshen 1922 tashoshi sun haura 500, na jaridu da manyan kantuna da coci-coci da jami'o'i, kuma da farko kusan duka a kan zango guda aka ɗora su, mita 360. Mai sauraro ya kunna akwati sai ya ji wa'azi ya hau kan waƙa, waƙa ta hau kan farashin hatsi.

Hoover ba mai son gwamnati ta riƙe komi ba ne. Ya fi yarda da a tara masu sana'a su sasanta kansu, hukuma tana tsaye a gefe. Don haka ya kira babban taron rediyo sau huɗu, kowace shekara daga 1922 zuwa 1925, ya haɗa injiniyoyi da ƴan kasuwa da jami'an gwamnati, ya riƙa raba zango da awoyin aiki da ƙarfin na'ura bisa abin da aka amince a can. A waɗannan tarurruka ya yi ta nanata cewa iskar da sauti ke bi dukiyar jama'a ce, mai tasha aro aka ba shi, kuma haƙƙin mai sauraro ya kamata a sa a gaba. Ya ma nuna ƙyamar a cika rediyo da tallace-tallace. Bai taɓa ɗaukar matakin hana su ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne dokar 1912 ba ta ba shi ikon da yake aiki da shi ba. A 1923 kotu ta ce ba shi da hurumin hana kowa lasisi. A 1926 kamfanin Zenith ya ɗauke tasharsa WJAZ ta Chicago ya kai ta wani zango da aka keɓe wa Kanada, da gangan, don a je kotu. Aka je, gwamnati ta sha kaye, ma'aikatar shari'a kuma ta tabbatar a watan Yuli cewa minista ba shi da ikon ɗaure tasha a kan wani zango. Hoover ya janye hannu. Cikin ƴan watanni sabbin tashoshi wajen 200 suka ɓullo, tsofaffi suka yi ta tsallake-tsallake suna ƙara ƙarfi don danne maƙwabta. Akwai masu tarihi da ke ganin da niyya ya bar ruɗanin ya kai intaha don ya tilasta wa majalisa motsi, kuma abin da ya biyo baya bai ƙaryata su ba.

A ranar 23 ga watan Fabrairun 1927 shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu kan sabuwar dokar rediyo. Ta kafa hukuma mai mambobi biyar, ta ce ba mai mallakar zango, lasisi na ɗan wa'adi ne, kuma sabunta shi ya dogara ga amfanin da jama'a ke samu daga tashar. Ta hana gwamnati tace shirye-shirye, ta kuma wajabta wa tashar da ta ba ɗan takara fili ta ba abokan hamayyarsa irinsa. Majalisa dai ba ta bar wuƙa da nama a hannun Hoover ba, domin ƴan majalisa da dama sun san yana harin kujerar shugaban ƙasa. A watan Afrilun shekarar, fuskarsa ce ta bayyana a New York daga Washington, a gwajin talabijin na kamfanin wayar tarho AT&T.

Dokar ba ta fayyace mene ne amfanin jama'a ba, kuma nan ne ƙura ta tashi. A rabon 1928 hukumar ta ware zanguna 40 mafi kyau ga tashoshi masu ƙarfi, kusan dukansu na haɗin gwiwar manyan kamfanoni biyu ne, NBC da CBS. Tashoshin jami'o'i da na ƙungiyoyi aka tura su raba awoyi, da dama suka rufe. Hana tace shirye-shirye ma bai hana hukunci ta bayan gida ba. A 1930, Hoover yana shugaban ƙasa, hukumar ta ƙi sabunta lasisin John Brinkley, wani likitan bogi na jihar Kansas mai dasa wa maza ƴaƴan marainan bunsuru yana tallar magani a tasharsa.  A 1931 aka yi wa wani fasto na Los Angeles, Robert Shuler, irin haka saboda caccakar da yake wa alƙalai da jami'ai da wasu addinai, kotu kuma ta goyi bayan hukumar. Daga nan kowane mai tasha ya gane cewa ranar sabunta lasisi tana nan tafe.

Hoover ya ci zaɓen 1928 da gagarumin rinjaye. Kasuwar hannun jari ta rushe a watan Oktoban 1929, masana'antu da bankuna suka bi, har aka riƙa kiran unguwannin bukkokin marasa aiki da sunansa. A 1932 jihohi shida kacal ya samu a gaban Franklin Roosevelt. Hoover a gaban makirfo kamar mai karanta rahoton kamfani yake, kai a sunkuye. Roosevelt kuwa, kwana takwas da rantsar da shi, ya yi wa ƴan ƙasa hira ta rediyo kan rikicin bankuna kamar yana zaune cikin ɗakinsu. Galibin masu manyan jaridu suna adawa da shi, rediyo ce hanyarsa ta tsallake su.

Sabuwar gwamnati ba ta rushe ginin Hoover ba, faɗaɗa shi ta yi. Dokar sadarwa ta watan Yunin 1934 ta kwashe mafi yawan ayoyin dokar 1927, ta kafa hukumar FCC mai mambobi bakwai da shugaban ƙasa ke naɗawa, ta haɗa mata tarho da talgiram. Yunƙurin ware kashi ɗaya cikin huɗu na zanguna ga makarantu da ƙungiyoyi ya faɗi a majalisar dattawa. Abin da ya sauya shi ne masu riƙe da hukumar. Ƙarƙashin James Lawrence Fly, wanda Roosevelt ya naɗa a 1939, hukumar ta ɗauki ma'aunin amfanin jama'a da a da ya yi wa manyan kamfanoni rana ta juya shi kansu. Ƙa'idojin 1941 sun tilasta wa NBC sayar da ɗaya daga cikin jerin tashoshinta biyu a 1943, wanda ya zama ABC.

Hoover ya shafe shekarun Roosevelt yana sukar faɗaɗar ikon gwamnati cikin littattafai da jawabai. Sai a zamanin Harry Truman aka sake nemansa, ya zagaya ƙasashen da yunwa ta addaba a 1946, ya kuma shugabanci kwamitin gyaran ma'aikatun gwamnati daga 1947. Ya rasu a New York ranar 20 ga watan Oktoban 1964 yana da shekara 90, aka kai shi West Branch aka binne a kan wani tudu da ke kallon gidan mai ɗaki biyu da aka haife shi.