Battling Siki, zakaran damben duniya na farko daga Afirka

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, kowa ya san dokar fage: wanda aka kai ƙasa ya faɗi, ko ɗan wane ne. A shekara ta 1922 wani ɗan Senegal ya sa Turawa bin wannan doka a cikin ƙasarsu, lokacin da mulkin mallaka yake da ƙarfinsa. Sunansa Mbarik Fal, amma duniya ta san shi da Battling Siki.

An haife shi a birnin Saint-Louis cikin 1897. Tun yana yaro aka tafi da shi Faransa, inda ya koyi damben Turawa. Da yaƙin 1914 ya ɓarke sai ya shiga sojan Faransa, ya nuna jaruntaka har aka ba shi lambobin girma. Bayan yaƙi ya koma fage, ya dinga kayar da abokan karawa, har aka haɗa shi da Georges Carpentier.

Shi Carpentier a lokacin nan shi ne abin alfaharin Faransa. Yana riƙe da kambin duniya na ajin kilo 79, da kambin Turai na masu nauyi. An kara ranar 24 ga Satumba 1922 a filin Buffalo, kusa da Paris, gaban dubban ƴan kallo, galibinsu sun zo ne ganin faɗuwar baƙin mutum. A turamen farko Siki ya taɓa ƙasa. Daga turmi na uku wasa ya juya, ya tasam ma Carpentier da naushi, a turmi na shida ya shimfiɗe shi. Alƙalin wasa ya ce Siki ya sa masa ƙafa ne, ya ba Carpentier nasara. Jama'a suka tashi da ihu, ba su yarda ba, sai da alƙalai suka soke hukuncin suka ba mai gaskiya gaskiyarsa. Ta haka Siki ya zama haifaffen Afirka na farko da ya ci kambin dambe na duniya.

Nasarar ba ta kawo masa kwanciyar hankali ba. Jaridu suka riƙa kwatanta shi da mutumin daji, alhali ɗan birni ne, tsohon soja kuma. Hukumar damben Faransa ta dakatar da shi bisa zargin rashin ɗa'a. Shi kuwa ya bayyana cewa tun farko an shirya da shi ya faɗi, amma da ya shiga fage zuciyarsa ta ƙi. Blaise Diagne, wakilin Senegal a majalisar dokokin Faransa, ya tashi ya kare shi.

Ranar 17 ga Maris 1923 a Dublin, ƙasar Ailan, ya kara da ɗan ƙasar, Mike McTigue. Aka yi turmi 20 babu wanda ya kwanta, aka ba McTigue kambin. Daga nan Siki ya ƙaura Amurka. Can ya rasa mai tsawata masa, shan giya da ɓarnar kuɗi suka rage masa ƙarfi, faɗuwa ta yawaita. Ranar 15 ga Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a bakin titi a New York, an harbe shi ta baya. Shekarunsa 28. Ba a kama wanda ya kashe shi ba.

Siki yana da nasa kurakurai, amma ranar da aka so ya sayar da mutuncinsa bai sayar ba. Cikin 1993 aka ɗauko ƙasusuwansa daga Amurka, aka binne shi a Saint-Louis, garin haihuwarsa.