Eric Liddell, Zakaran Gudu da Ya Zaɓi Koyarwa

An haifi Eric Liddell a birnin Tianjin na ƙasar Sin a 1902. Iyayensa masu shelar bishara ne daga Sikotland. Duniya ta san shi a gasar Olamfik ta birnin Paris a 1924, inda ya ƙi gudun mita 100 domin zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya shiga na mita 400, ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6.

A 1925 ya bar tafi da kirari ya koma Tianjin. A kwalejin mishan ta birnin ya koyar da kimiyya, yana kuma horar da ɗalibai guje-guje da sauran wasanni.

Halinsa na malami ya fi bayyana a lokacin yaƙi. A 1943 sojojin Jafan suka tsare shi a sansanin Weihsien, matarsa Florence da 'ya'yansu kuwa suna Kanada. Can ya ci gaba da koyar da yara, yana shirya musu wasanni, amma ban da Lahadi. Wata Lahadi samarin suka yi wasa ba alƙali, faɗa ya kaure. Mutumin da lambar Olamfik ba ta sa shi taka fili ranar Ubangiji ba, sai ga shi Lahadi ta gaba yana yi musu alƙalanci.

Ƙari a ƙwaƙwalwa ne ajalinsa. Ya rasu a sansanin ranar 21 ga Fabrairu 1945, yana da shekara 43, bai taɓa ganin 'yarsa ta uku ba.