Agustin na Hippo: Ina Rai Ya Ke Tafiya Bayan Mutuwa?

Ya mai karatu, ka taɓa tsayawa bakin kabari kana tunanin inda mamacin ya tafi? Waɗansu sun ce kurwarsa tana yawo cikin gida. Waɗansu kuma suna tsoron kada a binne su nesa da kakanninsu. Ga labarin wani mutumin Afirka wanda zancen mutuwa ya dame shi tun yana saurayi, har ya sami amsa cikin Littafi Mai Tsarki. Sunansa Agustin.

An haife shi a shekara ta 354 a Tagast, wani ƙaramin gari cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yau, zamanin mulkin Romawa. Ubansa mai bin gumaka ne, uwarsa Monika kuwa mai bi ce. Yaron yana da kai ƙwarai, sai aka aike shi karatu birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu. Can ya bar tafarkin uwarsa ya shiga cikin mabiyan wani malami mai suna Mani, ya yi shekara 9 tare da su. Su kuwa suna koyar da cewa ran mutum ɓarɓashi ne na Allah kansa wanda aka kulle cikin jiki, jiki kuma mugun abu ne.

Da ya koma garinsu yana koyarwa, sai zazzaɓi ya kama babban abokinsa. Aka yi wa abokin baftisma yana cikin suma. Da ya farfaɗo, Agustin ya so ya yi wa abin ba'a, amma abokin ya tsawata masa. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya dawo, ya ɗauke shi. Baƙin ciki ya rufe Agustin, duk inda ya duba sai ya ga mutuwa. Koyarwar Mani ba ta ba shi ta'aziyya ko kaɗan ba. Ya kasa zama garin, ya koma Kartaj.

Daga baya ya ƙetare teku zuwa Roma, sa'an nan Milan, uwarsa kuwa ta bi shi da hawaye da addu'a. A Milan ya riƙa jin wa'azin bishop Ambros. A shekara ta 386, yana cikin wani lambu, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 13, Maganar Allah ta soki zuciyarsa, ya tuba. Aka yi masa baftisma a Idin Tashin Almasihu na 387.

Cikin wannan shekara suka kama hanyar gida, amma a Ostiya, bakin teku kusa da Roma, Monika ta kwanta ciwo. Tun da daɗewa ta shirya kabarinta kusa da na mijinta a Tagast. Ɗan'uwan Agustin ya damu kada ta mutu a baƙuwar ƙasa. Ita kuwa ta ce su binne ta ko'ina. Ta riga ta gaya wa abokan ɗanta cewa babu wurin da ya yi wa Allah nisa, ba kuwa zai rasa inda zai tashe ta a ranar ƙarshe ba. Ran kwana na 9 ta rasu, tana da shekara 56. Agustin ya yi kuka, amma wannan karo kukan mai bege ne.

A 391 aka naɗa shi mai hidima a ikilisiyar Hippo, wato Annaba ta yau, bayan 'yan shekaru ya zama bishop. Ga abin da ya koya wa jama'arsa. Allah ya yi jikin mutum daga ƙurar ƙasa, ya hura masa numfashin rai, kamar yadda Farawa sura 2 ta nuna. Saboda haka jiki aikin Allah ne mai kyau, rai kuma halitta ne, ba gutsuren Allah ba. Ruhu kuwa, a ganinsa, shi ne sashen rai mafi girma, wanda mutum ya ke tunani da shi, ya ke kuma sanin Mahaliccinsa.

Cikin babban littafinsa, Birnin Allah, wanda ya soma bayan an washe Roma a 410, ya bayyana cewa jiki yana mutuwa sa'ad da rai ya rabu da shi, rai kuma yana mutuwa sa'ad da Allah ya rabu da shi. Mutum yana iya noma da ci da sha alhali ransa matacce ne saboda zunubi. Wanda ya mutu haka, mutuwa ta biyu tana jiransa, wadda ba ta da ƙarshe. Ran mai bi kuwa yana hutawa wurin Ubangiji har ranar da za a tashe jikinsa, su sāke haɗuwa.

Wani bishop abokinsa, Paulinus na Nola, ya tambaye shi ko binne mutum kusa da kabarin tsarkaka yana amfanarsa. Agustin ya amsa cewa ya kamata a binne gawa da daraja, amma jana'iza ta'aziyyar masu rai ce fiye da taimakon mamaci. Ya tuna masa da masu bi na Faransa ta dā waɗanda aka ƙone gawawwakinsu aka zuba tokar cikin kogin Ron, ba su kuwa yi hasarar kome ba. Game da ganin matattu cikin mafarki, ya ba da labarin wani almajirinsa a Kartaj wanda ya yi mafarki Agustin yana fassara masa karatu mai wuya, shi kuwa yana Milan bai san an yi ba. Idan mai rai yana bayyana cikin mafarki ba da saninsa ba, haka ma mamaci. Ya ƙara da cewa da matattu suna iya yawo, da uwarsa wadda ta bi shi ta ƙasa da ta teku ba ta bar shi ko dare ɗaya ba. Ya yarda da addu'a domin matattu bisa al'adar zamaninsa. A nan ba mu bi shi ba, gama Ibraniyawa sura 9 ta nuna sau ɗaya mutum zai mutu, bayansa sai shari'a.

A 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo da yaƙi. Cikin wata na 3 na kewayewar, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta zaburan tuba na Dawuda aka manna a bango gaban gadonsa, ya yi kwana 10 yana karantawa da hawaye da addu'a. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, gama ba shi da dukiya.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, watakila danginka sun ce ba za su binne ka tare da su ba saboda ka bi Yesu. Kada ka ji tsoro, Ubangiji ya san kowane kabari, na daji da na gari. Kada kuma mafarki ya sa ka ba da kuɗinka ga boka domin tsoron fatalwa. Abin tsoro shi ne ranka ya rabu da Allah. Yesu Almasihu ya mutu domin zunubinka, ya kuma tashi. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye ya shiga Firdausi a ranar nan. Ka tuba yau, ka ba da gaskiya gare shi, ka kuma karanta Yahaya sura 11 tare da iyalinka.