Tarihin Peter Brock, Sarkin Dutsen Bathurst

A tarihin tseren motoci na ƙasar Ostireliya, da wuya a sami direban da sunansa ya shiga bakin jama'a kamar Peter Brock, wanda ya lashe gasar Bathurst har sau 9, abin da babu wanda ya kai shi har yanzu.

An haifi Peter Geoffrey Brock ne ranar 26 ga watan Fabrairun 1945 a birnin Melbourne, ya kuma tashi a Hurstbridge, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Victoria.

Bayan ya kammala aikin soja na dole a 1967, ya fara tsere da wata tsohuwar mota ƙirar Austin A30 wadda ya sa wa injin Holden.

Bajintar da ya nuna ta ja hankalin Harry Firth, shugaban ƙungiyar tseren dillalan Holden, wanda ya ɗauke shi a 1969. A shekarar ce ya fara shiga gasar Bathurst, inda ya zo na uku.

Sarkin Dutse

Ana yin gasar ce a kan dutsen Panorama da ke jihar New South Wales, a kan wata hanya mai tsawon kilomita 6.2 mai cike da hawa da gangara da kwana-kwana. Tun daga 1973 tsawon tseren ya zama kilomita 1,000.

Brock ya fara yin nasara a 1972 cikin mota ƙirar Torana, yana tuƙi shi kaɗai daga farko har ƙarshe.

Sai dai nasarar da aka fi tunawa da ita ita ce ta 1979, lokacin da shi da Jim Richards suka ba wa na biyu ratar zagaye 6, kuma a zagayen ƙarshe ne Brock ya yi gudun da ya fi na kowa a ranar.

Ya kuma zama zakaran gasar ƙasa sau 3, a 1974 da 1978 da 1980.

A wancan zamani magoya baya sun rabu gida biyu ne, 'yan Holden da 'yan Ford, kuma hamayyarsa da Allan Moffat da Dick Johnson na ɓangaren Ford ta ƙara wa gasar armashi. Motocin da ake fafatawa da su irin waɗanda iyalai ke hawa ne, don haka kowane mai mota na jin cewa da shi ake yi.

Lambar motarsa, 05, tana nuni ne ga iyakar barasar da dokar Victoria ta amince a samu a jinin direba, domin jan kunnen masu tuƙi cikin maye.

Saɓani da Holden

A 1980 ya kafa kamfanin ƙara wa motocin Holden ƙarfi, wanda ya samu karɓuwa sosai.

To amma daga baya ya dage kan sanya wata 'yar na'ura mai suna Energy Polarizer a motocin, yana mai cewa tana inganta tafiyarsu, ba tare da wata hujja ta kimiyya ba.

Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanin Holden ya raba gari da shi a watan Fabrairun 1987. Duk da haka, a shekarar ya samu nasararsa ta 9 a Bathurst, bayan an soke sakamakon motocin Ford biyu da suka riga shi kammalawa.

Ya tuƙa BMW da Ford kafin ya koma Holden, sannan ya yi ritaya daga cikakken tsere a 1997.

Brock ya rasu ranar 8 ga watan Satumban 2006 yana da shekara 61, lokacin da motarsa ta ƙwace ta daki wata bishiya a gasar Targa West, kusa da birnin Perth. Gwamnatin Victoria ta yi masa jana'izar ban girma, kuma tun daga shekarar ake ba wanda ya lashe Bathurst kofi mai ɗauke da sunansa.

Bayan rasuwarsa

Duniyar da Brock ya yi suna a cikinta ta sauya matuƙa. Holden ya daina ƙera motoci a Ostireliya a 2017, kuma 2022 ce shekararsa ta ƙarshe a gasar, wadda ake kira Supercars. A 2023 aka koma fafatawa tsakanin Ford Mustang da Chevrolet Camaro, dukkansu ƙirar Amurka.

Hakan ya sa ake yawan kwatanta gasar da ta NASCAR ta Amurka. Dukkansu na amfani da manyan injuna masu silinda 8, amma yawancin tseren NASCAR a filaye masu siffar ƙwai ake yinsa, yayin da na Ostireliya ke bin hanyoyi masu kwana dama da hagu.

Tazarar na ƙara raguwa. A 2023 Shane van Gisbergen, ɗan ƙasar New Zealand wanda ya lashe gasar Supercars sau 3, ya yi nasara a tserensa na farko na NASCAR a titunan Chicago, daga bisani ya koma Amurka. A 2025 kuma Supercars ta ɓullo da tsarin zagayen ƙarshe na fitar da zakara, mai kama da wanda NASCAR ta daɗe tana amfani da shi.

Masu shirya gasar sun yi fatan shigowar Toyota, wanda aka sanar a 2024, zai faɗaɗa ta. Babban ƙalubalen da ke gabansu shi ne riƙe magoya bayan da a zamanin Brock suke zuwa Bathurst domin ganin motar da aka ƙera a ƙasarsu ta yi nasara.