Andrei Sakharov: Masanin da Ya Ƙera Bam, Ya Kuma Ƙirga Rayukan da Gwajinsa Zai Ci

An haifi Andrei Sakharov a birnin Mosko ranar 21 ga Mayu, 1921, a gidan wani malamin kimiyyar fiziks, kuma wannan fanni ya gada. Ya kammala Jami'ar Mosko a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 aka sanya shi cikin ayarin masana ƙarƙashin Igor Tamm, waɗanda gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta ɗora wa alhakin ƙera bam ɗin haidurojin.

Ranar 12 ga Agusta, 1953, aka gwada bam ɗin da ya tsara a filin Semipalatinsk da ke Kazakistan, bayan an kwashe dubban mazauna yankin saboda fargabar ƙurar nukiliya. A shekarar ya zama ɗan Majalisar Kimiyya ta ƙasar yana da shekara 32, daraja da ba kasafai matashi ke samu ba.

Gwajin 22 ga Nuwamba, 1955, shi ya sauya masa tunani. Ƙarfin fashewar ya rufta rami a kan wani matashin soja, ya kuma rusa mafaka a kan wata yarinya 'yar shekara biyu, dukansu suka mutu. Daga nan Sakharov ya fara tambayar kansa: mutum nawa gwaji ke kashewa ba tare da an ga gawarsu ba?

Amsar ta fito a maƙalar da ya wallafa a 1958. Ya bayyana cewa fashewar bam a sararin sama tana mayar da wani ɓangare na iskar naitirojin zuwa sinadarin kabon-14 mai fitar da tururin nukiliya. Tsirrai su shaƙe shi, dabbobi da mutane su ci, ya shige cikin jiki, inda yake iya lalata ƙwayoyin gado ya haddasa cutar daji da nakasar haihuwa. Sinadarin kan ɗauki kimanin shekara 5,730 kafin rabinsa ya gushe. Sakharov ya gina lissafinsa bisa cewa tururin, kome ƙanƙantarsa, yana da illa, ya ƙiyasta cewa kowane megaton ɗaya da aka fasa a sama zai cutar da mutum kusan 10,000 a tsawon dubban shekaru. Mafi yawansu ba a ma haife su ba, kuma babu wanda zai iya nuna su da yatsa.

Wannan lissafi ya hana shi sukuni. A Yulin 1961 ya miƙa wa shugaba Nikita Khrushchev takarda yana adawa da komawa gwaje-gwaje, shugaban ya tsawatar masa a gaban takwarorinsa. Duk da haka ya ci gaba da aiki a kan bam mai ƙarfin megaton 50 da aka fasa a tsibirin Novaya Zemlya ranar 30 ga Oktoba, 1961, mafi girma a tarihi. A 1962 ya yi ƙoƙarin hana wani gwaji da ya ga maimaici ne kawai, haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba.

Bai karaya ba. Ya goyi bayan shawarar hana gwaji a sama, da cikin ruwa, da sararin samaniya, wadda ta zama yarjejeniyar da Sobiyet da Amurka da Birtaniya suka rattaba wa hannu a Mosko ranar 5 ga Agusta, 1963.

A 1968 aka raba shi da aikin makamai saboda rubutunsa kan zaman lafiya da 'yancin tunani. Ya sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1975, amma aka hana shi fita, sai matarsa Yelena Bonner ta karɓo masa. Sukar mamayar Afganistan ta sa aka tsare shi a birnin Gorki daga Janairun 1980 har Disamban 1986, lokacin da Mikhail Gorbachev ya maido shi Mosko.

Ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1989. Ranar 29 ga Agusta, 1991, aka rufe filin Semipalatinsk bayan gwaji 456, kuma ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin yaƙi da gwajin makaman nukiliya. Har yau mazauna yankin suna fama da cututtukan da ya yi gargaɗi a kansu.