Astrid Lindgren: Marubuciyar da Ta Ba Yarinya Ƙarfin Ɗaga Doki

An haifi Astrid Lindgren a ranar 14 ga Nuwamba, 1907, a gonar Näs da ke kusa da garin Vimmerby a kudancin ƙasar Suwidin. Mahaifinta manomi ne, a ƙauye kuma ta tashi tare da 'yan'uwanta uku.

Tana budurwa ta kama aiki a jaridar garinsu. Da ta kai shekara 18 ta sami juna biyu ba tare da aure ba, sai ta bar gida ta koma Stockholm, babban birnin ƙasar. A Disambar 1926 ta haifi ɗa namiji, Lars, a birnin Copenhagen na ƙasar Denmak, ta bar shi a hannun masu riƙo saboda rashin hali. Shekara uku tana aikin ofis, tana tara kuɗin jirgin ƙasa domin ta je ta gan shi. Tabon wannan rabuwa ya bi ta har cikin littattafanta, inda yara masu kaɗaici suka yawaita.

Ta auri Sture Lindgren a 1931, suka haifi 'ya mace, Karin. A 1941 ciwon huhu ya kwantar da Karin, ta roƙi mahaifiyarta ta ba ta labarin wata yarinya da ta ƙirƙiro wa suna Pippi Långstrump. A 1944 Astrid ta zame a kan ƙanƙara ta gurɗe ƙafa, a lokacin jinyar ne ta rubuta labarin. Kamfanin Bonniers ya ƙi karɓarsa, Rabén & Sjögren ya buga shi a 1945.

Pippi 'yar shekara tara ce mai jan gashi, tana zaune ita kaɗai da biri da doki, ga akwati cike da kuɗin zinariya. Ƙarfinta ya kai ta ɗaga dokin sama, ta kuma kayar da ƙaton ɗan kokawa a bainar jama'a, amma ba ta zalunci da shi, raunana take karewa. Wasu malamai sun yi tir da littafin, suna ganin zai koya wa yara rashin ladabi. Yaran kuwa suka rungume shi.

Daga baya fina-finai suka gaji wannan yarinya. Inger Nilsson ta fito a matsayinta a shirin talabijin na 1969. Marubuci Stieg Larsson ya gina jarumarsa Lisbeth Salander a kan tunanin yadda Pippi za ta kasance idan ta girma, Noomi Rapace ta taka rawar a 2009, Rooney Mara kuma a 2011.

Alƙalamin Astrid ya taɓa dokokin ƙasarta ma. A 1976 ta wallafa tatsuniyar gugar zana a jaridar Expressen bayan harajin da aka ɗora mata ya kai kashi 102 cikin ɗari, a shekarar ne kuma jam'iyya mai mulki ta faɗi zaɓe bayan shekara 44. A 1978 ta yi amfani da bikin karɓar lambar zaman lafiya a Jamus wajen sukar dukan yara, a 1979 Suwidin ta zama ƙasa ta farko da ta haramta shi. Fafutukarta ta taimaka wajen samar da dokar kare dabbobi ta 1988.

Ta rasu a Stockholm ranar 28 ga Janairu, 2002, tana da shekara 94. An fassara littattafanta zuwa harsuna fiye da 100, gwamnati ta kafa kyautar adabin yara ta krona miliyan biyar da sunanta, hotonta kuma yana kan takardar krona 20 tun 2015.