Malam Aminu Kano (1920–1983) da Tambayar Kuɗin Makarantun Talakawa

An haifi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa, cikin ganuwar birnin Kano, ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malamin shari'a ne a kotun alƙalin Kano, mahaifiyarsa Rakiya ita ma daga gidan malanta ta fito. Bayan karatun allo, ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1942.

A zamanin ƙuruciyarsa, makarantun boko na lardunan Musulmi a hannun En'e suke. Daga baitulmali ake gina su, ake kuma biyan malamansu, baitulmalin kuwa da haraji da jangalin talakawa yake cika. Sai dai guraben karatu kaɗan ne, kuma 'ya'yan sarauta da na ma'aikatan En'e ne suka fi cin moriyarsu. Manomi yana biya, ɗansa yana bakin ƙofa. Wannan rashin daidaito yana cikin abubuwan da suka tsaya wa Malam Aminu a rai tsawon rayuwarsa.

Ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. Bayan ya dawo daga ƙaro ilimi a Landan, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa a 1948, wadda ta nemi gyaran albashi da sharuɗɗan aikin malamai. A fahimtarsa, makarantar da malaminta ke cikin ƙunci ba za ta yaye ɗalibi nagari ba. An tura shi Kwalejin Horar da Malamai ta Maru, daga can ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa NEPU a Kano. Ya zama shugabanta a 1953.

NEPU ba ta riƙe da gwamnati, saboda haka ba ta da ikon taɓa baitulmali. Sai Malam Aminu ya koma ga jama'a. Shi da magoya bayansa suka riƙa buɗe makarantun Islamiyya a unguwanni, masu azuzuwa da manhaja, ana karɓar yara maza da mata, ana tafiyar da su da gudummawar 'yan kasuwa da masu sana'a. Sun gamu da tsangwamar hukuma, amma sun nuna cewa talaka ba ƙin ilimi yake yi ba, hanya ce aka toshe masa.

Lokacin da PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta, Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Gwamnatin Kano kuma ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980. To amma soke harajin ya buɗe wata sabuwar tambaya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, ƙananan hukumomi kuwa suka dogara ga kason tarayya na kuɗin man fetur. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, malaman firamare a sassa da dama na ƙasar suka yi watanni ba albashi.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Ya ga an sauke wa talaka nauyin haraji, amma bai ga an samar wa makarantar ɗan talakan tsayayyen asusu ba. Wannan rabin aikin yana nan yana jiran magada. Allah Ya jiƙansa.